Zauren Kwamfuta: Wane Linux Za a Ɗora wa Kwamfutocin Ofis?

Tun da Microsoft ya daina fitar da facin tsaro (sabuntawar da ke toshe ƙofofin kutse) na Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba 2025, galibin wasiƙun da ke zuwa wannan zaure kan magana ɗaya suke. Mun zaɓo shida daga cikinsu.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ke kula da ofishin wani kamfanin dillancin kaya. Muna da kwamfuta 25, HP da Dell na hannu, yawancinsu Core i5 zubi na huɗu zuwa na shida, RAM 4GB ko 8GB. Windows 11 ta ƙi hawa ko ɗaya. An ba mu shawarar Linux, amma da na duba sai na ga nau'insa ya fi a ƙirga. Wanne za mu ɗauka?
*Wani manaja, Kano*

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. A taƙaice, ku ɗauki Linux Mint 22 mai fuskar Cinnamon (fuska ita ce tsarin allon da mai aiki ke gani), ko Ubuntu 24.04 LTS (wato zubi mai doguwar kulawa), kuma duk wanda kuka ɗauka ku ɗora shi a kan dukkan kwamfutocin. Ga dalili.

Kwamfutocinku ba su lalace ba. Windows 11 tana buƙatar TPM 2.0, wani ɓangaren tsaro a cikin kwamfuta, da kuma Intel zubi na takwas ko sama, shi ya sa ta ƙi su. Akwai hanyar sayen ƙarin facin Windows 10, amma ga kamfanoni dala 61 ce kowace kwamfuta a shekarar farko, tana ninkawa duk shekara, kuma shekara uku kacal ake yi. Irin waɗannan injuna kuwa Linux na tafiya da su lafiya lau.

Abu na farko da ake dubawa a ofis shi ne tsawon lokacin da masu nau'in za su ci gaba da ba shi facin tsaro. Ubuntu na fitar da zubin LTS a watan Afrilu duk bayan shekara biyu, kamar 22.04 da 24.04, kowanne da shekara biyar ta kulawa kyauta. Wato 24.04 zai kai 2029. Da Ubuntu Pro, tsarin ƙarin kulawa na masu Ubuntu, ana kai shi shekara goma. Kyauta ne har kwamfuta biyar, abin da ya haura sai an biya. Linux Mint 22 a kan Ubuntu 24.04 aka gina shi, shi ma zuwa 2029. Debian 13 ya fito a Agusta 2025, kuma akan kula da kowane zubin Debian kimanin shekara biyar. Fedora kuwa duk wata shida yake fitar da sabo, kowanne kimanin wata 13 yake samu, ma'ana duk shekara sai kun bi kwamfuta 25 kun ɗaga su. Arch da danginsa kullum cikin canzawa suke, ba a ɗora wa sakatare ko akawu irinsu. Kali, wanda matasa ke yawan ambata, an yi shi ne domin masu gwajin tsaron netwok, ba shi da hurumi a teburin ofis. A kula kuma: Xubuntu da Lubuntu, 'yan uwan Ubuntu marasa nauyi, ko da an rubuta musu LTS, shekara uku suke samu.

Abu na biyu shi ne wanda zai gyara in an samu matsala. Mai sayen motar haya yakan fara tambayar ko akwai kayan gyaranta a Ƙofar Ruwa kafin ya dubi fenti, to haka ma nan. Dangin Ubuntu sun fi kowa yawan masu amfani a kwamfutar tebur, saboda haka kusan duk matsalar da za ku gamu da ita wani ya riga ya rubuta maganinta, kuma kamfanonin da ke fitar da manhaja domin Linux, irin su Zoom da Google Chrome, suna bayar da fayil ɗin `.deb` da ke hawa kansu kai tsaye.

Tsakanin biyun, mu Mint muka fi karkata gare shi a ofis irin naku. Fuskarsa na da maɓallin farawa a ƙasa ta hagu da jerin manhajoji yadda ma'aikata suka saba, fayil ɗin da ake saukewa bai wuce kimanin 3GB ba alhali na Ubuntu ya kusa 6GB, kuma yana zuwa da Timeshift mai mayar da kwamfuta yadda take jiya in sabuntawa ta ɓata wani abu. Ubuntu ya fi dacewa idan kuna da sabar Windows mai Active Directory da ke riƙe da sunayen ma'aikata, domin tun wajen ɗorawa yake ba da damar shiga cikinta, ko idan kuna son kamfanin da za ku biya ya ɗauki alhakin tallafi, wato Canonical. Debian yana da ƙarko ƙwarai, sai dai yana son ma'aikacin da ya riga ya goge. AlmaLinux da Rocky Linux, masu bin sawun Red Hat da shekara goma ta kulawa, a saba, wato kwamfutar da ke yi wa sauran hidima, suka fi amfani.

Game da injunan: masu RAM 8GB su ɗauki Cinnamon. Masu 4GB za su iya ɗaukar Mint mai fuskar Xfce, amma ku sani burauza ce ke cinye RAM, shafi goma a Chrome zai nauyaya kwamfutar ko wace fuska aka sa. In da hali a ƙara musu su kai 8GB, a kuma cire tsohon faifai mai juyawa a sa SSD na 256GB. Wannan canji ɗaya ya fi duk wani zaɓin nau'i tasiri a kan sauri. Idan akwai tsohuwar kwamfuta mai 32-bit a cikinsu, a ajiye ta: Ubuntu da Mint sun daɗe da barin irinta, Debian 13 ma ya daina ba da hanyar ɗora ta.

Kada ku ɗora wa duka rana ɗaya. Ku fara da kwamfuta uku daga sassa daban-daban, a yi aikin gaske da su na mako biyu zuwa huɗu, har da rufe lissafin ƙarshen wata. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Tambaya: Ina shugabantar wata makaranta mai zaman kanta. Duk takardunmu a Word da Excel suke, har da takardar sakamakon ɗalibai mai lissafa maki da kanta. Tsorona kada mu koma Linux su wargaje.
*Wata shugabar makaranta, Katsina*

Amsa: Hajiya, tsoronki na kan hanya, kuma a nan ne yawancin ƙaura ke cin tura. Microsoft Office ba ya hawa Linux. Abin da ake da shi shi ne LibreOffice, wanda ke zuwa tare da Mint, da OnlyOffice, sai kuma Microsoft 365 na cikin burauza ga masu intanet mai ƙarfi.

Mafi yawan wargajewar takarda daga salon haruffa take. An rubuta wasiƙa da Calibri, Linux ba shi da Calibri, sai ya maye gurbinsa da wani mai faɗi daban, layuka su zame, shafi ɗaya ya koma ɗaya da rabi. Maganinsa shi ne a ɗora Carlito da Caladea, waɗanda faɗin haruffansu daidai yake da na Calibri da Cambria, tare da Liberation mai tsaya wa Arial da Times New Roman. A buɗe Terminal, tagar rubuta umarni, a buga:

`sudo apt install fonts-crosextra-carlito fonts-crosextra-caladea fonts-liberation`

Daga nan a shiga saitin LibreOffice, sashen Load/Save, a sa shi ya riƙa adana takardu a matsayin docx da xlsx, tunda su ne iyaye da ma'aikatar ilimi za su iya buɗewa. Duk takardar da ba a son a taɓa, kamar sakamako ko rasit, a fitar da ita PDF.

Takardar sakamakon nan ita ce abin dubawa da kyau. Idan lissafinta da dabarun cikin akwati ne irin su SUM, IF, RANK da VLOOKUP, za ta yi aiki. Idan kuwa akwai maɓallin da ake dannawa ya fitar da katin kowane ɗalibi, to makiro ne na VBA, wato ƙaramin shiri da aka rubuta a cikin Excel, kuma LibreOffice wani ɓangare kawai yake fahimta. Rumbun bayanai na Access ma ba ya buɗuwa yadda yake da fom-fom ɗinsa.

Ga hanyar da ta fi aminci. LibreOffice na hawa Windows, kyauta. Ki sa a ɗora shi a kwamfutocin yadda suke yanzu, malamai su yi zango guda suna aiki da shi, a ga takardun da suka ba da matsala a gyara su. Bayan haka canza babbar manhajar daga Windows zuwa Linux ba zai girgiza kowa ba. Haka rundunar jandarmomin Faransa ta yi: ta koma OpenOffice, magabacin LibreOffice, a 2005, ta ɗauki Firefox da Thunderbird a 2006, sai a 2008 ta fara komawa Ubuntu, yau kuma dubban kwamfutocinta a kansa suke. Jihar Schleswig-Holstein ta Jamus, da ta sanar a 2024 cewa za ta sauya kwamfuta kusan 30,000, ita ma da LibreOffice ta fara.

Tambaya: Ina da shagon buga takardu. Muna aiki da CorelDRAW, muna da firinta HP LaserJet 1020, Canon LBP2900 da Epson mai tanki, da na'urar ɗaukar hoton yatsa domin rajista. Linux zai ɗauke su?
*Mai shagon buga takardu, Zariya*

Amsa: Malam, wasu zai ɗauka, wasu ba zai ɗauka ba, kuma gara ka ji tun yanzu. CorelDRAW da Photoshop ba su da zubin Linux. Inkscape na buɗe fayil ɗin cdr, amma sau da yawa rubutu da launi kan sauya, kuma mai kawo katin biki ba zai karɓi uzuri ba. Wine, mai gudanar da wasu manhajojin Windows a Linux, ba abin dogaro ba ne ga aikin da ake ci da shi. Na'urar yatsa ma manhajar da ke tafiyar da ita galibi ta Windows ce kawai. Haka manhajojin lissafi na kan tebur irin su Sage 50, QuickBooks da Tally. Waɗannan ayyuka a bar musu kwamfuta ɗaya ko biyu masu ɗaukar Windows 11. Idan dole a ci gaba da tsohuwa mai Windows 10, a cire ta daga intanet, a kuma daina cusa mata filashin kowa. Kwamfutocin buga rubutu da shiga intanet su ne za su koma Linux, kuma nan za ka ga amfaninsa, domin ƙwayoyin cutar da ke ɓoye fayil a filashin kwastoma na Windows ne, ba sa tashi a Linux. Sai dai suna nan kwance a filashin, za su kama Windows ta gaba da aka cusa wa.

Firintoci kuwa kowacce da halinta. Sababbi masu Wi-Fi ko igiyar netwok, waɗanda aka rubuta wa AirPrint ko IPP Everywhere, ba sa buƙatar direba (manhajar da ke haɗa na'ura da kwamfuta), da kansu suke bayyana. HP 1020, da 'yan uwanta 1018 da P1005, ba sa riƙe manhajar cikinsu, kwamfuta ce ke tura musu ita duk lokacin da aka kunna. Shi ya sa za ka ga an gane firintar, an tura aiki, amma shiru. A ɗora `hplip`, a haɗa intanet, a buga `hp-plugin -i`, sannan a kashe firintar a sake kunnawa. P1102 ma tana son wannan ƙarin. Epson masu tanki yawancinsu na aiki da `printer-driver-escpr`. Canon LBP2900 ce mai wahala: tana magana da wani tsari nata mai suna CAPT, direbanta na Linux tsoho ne mai neman kayan 32-bit, kuma yakan tsaya bayan an sake kunna kwamfuta. Mafi sauƙi a bar ta a jikin kwamfutar Windows ɗin.

Kafin ka goge komai, ka tayar da Mint daga filashi ba tare da ɗorawa ba, ka gwada kowace firinta da sikana.

Tambaya: Ni ne mai kula da kwamfutoci a wata ƙungiya, guda 18. Data na da tsada, wuta kuma ba tabbas. Yaya zan ɗora musu, in riƙa sabunta su, ba tare da kowacce ta sauke abu ɗaya sau 18 ba?
*Wani matashi, Gombe*

Amsa: Ɗan'uwa, ka fara da saukewa sau ɗaya daga shafin masu nau'in, ka tabbatar da lambar SHA256 ta fayil ɗin, wato lambar shaidar cewa ya sauka cikakke, ta yi daidai da wadda suka wallafa. Fayil ɗin da ya yanke a hanya shi ke sa ɗorawa ta tsaya a tsakiya. Ka rubuta shi a filashi mai 8GB da Rufus ko Ventoy.

Ka shirya kwamfuta ɗaya tsaf: sabuntawa, salon haruffa, firintoci, burauza. Sai ka ɗauki hotonta, wato cikakken kwafin faifanta, da manhajar Clonezilla ka zuba wa sauran. Faifan da za a zuba wa dole ya kai girman na asali ko ya fi shi, don haka ka yi shirin a kan mai ƙaramin faifai. Bayan zubawa kowacce ka canza mata suna da `hostnamectl set-hostname`, ka share abin da ke cikin `/etc/machine-id` ka sabunta shi da `systemd-machine-id-setup`. In ba haka ba duk za su ɗauki shaida ɗaya, su riƙa rikicewa a netwok.

Maganin data shi ne `apt-cacher-ng`, manhajar da ke mayar da kwamfuta ɗaya ma'ajiyar duk sabuntawar da aka sauke. Ka ɗora shi a kwamfuta ɗaya da ba a kashewa, ka ba ta adireshi tsayayye, misali 192.168.1.10. A sauran ka ƙirƙiri fayil `/etc/apt/apt.conf.d/02proxy` mai layi biyu:

`Acquire::http::Proxy "http://192.168.1.10:3142";`
`Acquire::https::Proxy "DIRECT";`

Ta farko da ta nemi sabuntawa ita ce za ta ci data, sauran 17 daga cikin ofis za su ɗauka. Layi na biyu yana da muhimmanci: ba tare da shi ba, rumbunan manhaja da ke kan https, kamar na Chrome, za su riƙa ba da kuskure. Wannan dabara ba ta shafi Snap da Flatpak ba, wasu hanyoyin ɗora manhaja daban da apt. A Ubuntu, Firefox ta Snap yake zuwa, kowace kwamfuta sai ta sauke nata. A Mint kuwa ta apt yake zuwa, yana bi ta ma'ajiyar. Ga mai ƙirga megabait wannan kaɗai ya isa dalilin zaɓen Mint. Laftof da ke fita ofis kada ka sa mata wannan fayil, domin a gida ba za ta ga sabar ba, sabuntawa ta tsaya.

Ɗauke wuta ana tsakiyar aiki ba ya cika ɓata faifai mai tsarin ext4. Haɗarin yana lokacin sabuntawa. Idan ta faru, bayan an kunna a buga `sudo dpkg --configure -a`, sannan `sudo apt --fix-broken install`. Idan kwamfutar ta tsaya a baƙin allo mai rubutun initramfs, ta kan faɗi sunan ɓangaren da ya samu matsala, sai a buga `fsck -y` da wannan suna, misali `/dev/sda2`, a sake kunnawa. Kwamfutar ma'ajiya dai a sa mata UPS, kuma a tsara sabuntawa lokacin da janareta ko sola ke aiki.

Abu biyu da ba ka tambaya ba amma suna da nauyi. Ma'aikata a ba su asusu na talaka marar ikon `sudo`, wato ikon canza saitin kwamfuta, asusun mai iko ya zauna a hannunka da mutum ɗaya amintacce, a rubuta kalmar sirrinsa a rufe a ambulan wurin shugaba. Kuma duk laftof mai ɗauke da bayanan mutane a zaɓi rufe faifanta da LUKS tun wajen ɗorawa, musamman da yake dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ta ɗora wa ƙungiyoyi alhakin abin da suka tara. Wanda ya manta kalmar LUKS ya rasa komai, babu mai buɗe masa. Timeshift ma babbar manhaja yake adanawa, ba ya kwafe takardun ma'aikata, su sai an yi musu kwafi daban a faifan waje.

Tambaya: Na tayar da Mint daga filashi a Dell Latitude, amma wajen ɗorawa bai ga faifan ba. A wata HP kuma ya hau, sai Wi-Fi ya ɓace.
*Wani mai gyara, Jos*

Amsa: Malam, ta farko saitin BIOS ne. Dell da yawa na zuwa da faifai a yanayin RAID On, wato Intel RST. Danna F2 lokacin kunnawa, ka nemi SATA Operation, ka mayar AHCI. Idan akwai Windows da ake son ci gaba da ita a gefe, wannan canji zai hana ta tashi sai an shirya ta tukuna, kuma a tabbata an adana mabuɗin BitLocker, makullin faifai na Windows, kafin a taɓa komai.

Ta biyu, buga `lspci -nnk | grep -iA3 net` ka ga katin. In Broadcom ne, direbansa ba ya zuwa a ɗore. Haɗa waya da kebul ka ba kwamfutar intanet, ka buɗe Driver Manager ka zaɓe shi. Idan saitin tsaro na Secure Boot na kunne a BIOS za a nemi ka sa kalmar sirri, bayan sake kunnawa shuɗin allo zai fito, ka zaɓi Enroll MOK ka shigar da ita. Masu tsallake wannan allo su ne ke cewa sun ɗora direba amma bai yi ba. Katin Intel ba ya ba da wannan wahala, kuma a tsofaffin laftof da yawa ana iya musanya shi, sai dai wasu tsofaffin HP da Lenovo na ƙin katin da ba ya cikin jerin da BIOS ɗinsu ya sani.

Tambaya: Ofishinmu na rubuta takardu da Faransanci da Hausa, allon rubutunmu AZERTY ne. Za mu samu ɓ, ɗ, ƙ da ƴ a Linux?
*Wata sakatariya, Maraɗi*

Amsa: Za ku samu, Malama, ba tare da sayen komai ba. A saitin allon rubutu akwai tsarin Hausa na Najeriya da na Gana, ana ƙara shi kusa da na Faransanci a riƙa sauyawa. Sai dai a kan QWERTY aka gina su, don haka A da Q, Z da W, da M za su bar inda yatsunki suka saba.

Idan hakan zai rage miki sauri, ki zauna a AZERTY ki yi amfani da lambobin haruffan. A LibreOffice ki rubuta lambar sannan ki danna Alt da X: 0253 na ba da ɓ, 0257 ɗ, 0199 ƙ, 01B4 ƴ. Manyansu su ne 0181, 018A, 0198 da 01B3. Idan harafin da ya zo kafin lambar yana tsakanin a da f, ki fara da U+ don kada ya haɗe da ita. Wanda ya fi wannan sauƙi shi ne a shiga AutoCorrect sau ɗaya a cika jerin kalmomin da kuke yawan rubutawa, yadda "kasa" ba za a taɓa ta ba tunda kalma ce mai zaman kanta, amma "karkashin" ta koma "ƙarƙashin" da kanta.

Ki zaɓi salon haruffa mai ɗauke da su duka, kamar Noto Sans, DejaVu ko Charis SIL, in ba haka ba harafi mai lanƙwasa zai fito da wani salo daban a tsakiyar kalma. Idan kuna buga ajami, akwai Alkalami na SIL, wanda aka zana bisa salon rubutun hannu na yankin Kano, ana ɗora shi da `sudo apt install fonts-sil-alkalami`. Takardar da za ta fita waje a aika ta PDF, domin haruffan su tafi tare da ita ko da mai karɓa ba shi da salon.